Yadda Ake Karanta Sunan Fir'auna a Jikin Dutse

Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar fadar Sarkin Katagum a Azare ranar hawan sallah ya san ba a kiran sarki da suna ɗaya. Sanƙira zai fara da sunan sarauta, ya bi da na uba da na kaka, ya haura har kan Malam Zaki, algaita na amsa masa. Sunan yanka shi ne na ƙarshen fitowa, wani sa'in ma ba ya fitowa sam. Mai kunnen basira yana tsintar abu uku a wannan jeri: wanda ya ba sarki mulki, ƙasar da yake da'awa, da jinin da ke jikinsa. Abubuwan nan uku su ne sarakunan Misira na dā suka shafe fiye da shekara dubu uku suna sa a sassaƙa musu a jikin dutse, da zanen tsuntsaye da ƙwari da kayan gida. Shi ya sa nake ganin Bakatagumen da ya saba da fada ya riga ya san rabin karatun. Abin da ya rage masa shi ne alamomin, kuma waɗanda ake buƙata don karanta sunan sarki ba su da yawa.

Wannan rubutu da Turawa ke kira hirogilif ya soma ne wajen shekara ta 3200 kafin haihuwar Annabi Isa alaihissalam. Na ƙarshe da aka sani an sassaƙa shi a tsibirin Fila da ke kudancin Misira a shekara ta 394 bayan haihuwarsa. Daga nan aka yi fiye da shekara 1,400 babu mai iya karanta shi, har su Misirawan. An yi ƙoƙari. Ibn Wahshiyya, malamin Iraƙi na ƙarni na 10, ya jera alamomin a littafinsa yana neman ma'anarsu, malaman Turai ma sun yi ta lalube. Abin da ya ɗaure yawancinsu shi ne zaton cewa kowane zane hikima ce ɓoyayya: an ga agwagwa, sai a shiga tunanin halin agwagwa.

Sa'ad da nake koyar da tarihi a sakandare, ga yadda nake warware wa yara wannan ƙulli. Sai in zana mutum da rawani riƙe da allo, kusa da shi in zana zaki, in ce su karanta. Ba a rasa wanda zai ɗaga hannu ya ce, "Malam Zaki!" Sai in tambaye su, ina zaki a sunansa? Babu. Sunansa Ibrahim Zakiyul Ƙalbi, mai tsarkin zuciya, Larabci ne. Sautin sunan dabbar kaɗai muka ara, muka bar dabbar a daji. Haka Misirawa suka yi. Sunan wata agwagwa a harshensu "sa", kalmar ɗa ita ma "sa". Saboda haka idan ka ga agwagwa da faifan rana a samanta, an rubuta "sa Ra" ne, wato ɗan Ra, abin bautarsu na rana.

Alamomin da aka fi amfani da su sun kai ɗari bakwai da wani abu. Kimanin 24 daga ciki baƙaƙe ne masu sauti ɗaya ɗaya: ƙafa b ce, baki r ne, zanen ruwa mai zigizag n ne, rabin gurasa t ce, ɗan tsako w ne. Wasu suna ɗauke da sauti biyu ko uku a haɗe. Wasu kuma ba a furta su, aikinsu su nuna jinsin kalmar da ta gabace su. Ba sa rubuta wasali, kamar Larabcin da ba a yi wa fataha da kisira ba, don haka wasulan da muke sakawa a sunayensu yau yawanci na sauƙin furuci ne. Batun ta ina za a fara kuwa, dubi fuskar tsuntsayen. In dama suke kallo, fara daga dama, ka tunkare su gaba da gaba. In hagu, daga hagu. Na sama yana riga na ƙasa.

Sunayen sarakuna su ne ƙofar da aka bi aka shiga rubutun gaba ɗaya, kuma labarin ya cancanci a ɗan zauna a kansa. A watan Yulin 1799 sojojin Faransa suna gyaran wata ganuwa a garin Rashid, kusa da inda Kogin Nilu ke shiga teku, suka ci karo da wani dutse. Sanarwa ce ta shekara ta 196 kafin haihuwar Annabi Isa, ta zamanin Sarki Patolemi na Biyar, an rubuta ta sau uku: da hirogilif, da rubutun yau da kullum na Misirawa, da Girkanci. Girkanci kuwa ana iya karanta shi. Ingilishi suka karɓe dutsen, yana gidan tarihin Birtaniya a Landan tun 1802. A sashen hirogilif ɗin akwai wasu alamomi da aka kewaye da dogon zobe, ƙarshensa a ɗaure. Wani likita Bature, Tomas Yang, ya nuna cewa sunan Patolemi ne a cikin zoben. Wanda ya kai aikin gaci shi ne Shamfoliyon, Bafaranshen da aka haifa a 1790, wanda tun yana yaro ya koyi Ƙibɗanci, harshen cocin Kiristocin Misira, jikan harshen Fir'aunoni.

Ya sami kwafin wani zobe daga ginshiƙin Fila mai ɗauke da sunan Kiliyopatara, ya ajiye shi kusa da na Patolemi. Ɗan murabba'in da ya buɗe sunan Patolemi, wato p, sai ga shi a wuri na biyar a sunan Kiliyopatara, daidai inda p take a Girkanci. Zakin da ke kwance, wato l, na huɗu ne a wancan, na biyu a wannan, nan ma daidai. Amma waɗannan sarakunan Girkawa ne, ana iya cewa don sunayen baƙi kaɗai aka ƙago baƙaƙen. Ranar 14 ga Satumba 1822 ya zauna da wani zane da aka kwafo daga Abu Simbal. Zoben yana da faifan rana, da wata alama kamar fatu uku a ɗaure wuri guda, da ninkakken ƙyalle guda biyu. Ƙyallen ya riga ya san s ne. Rana a Ƙibɗanci "re". Ta tsakiya ya danganta ta da kalmar haihuwa, "mise". Ra, mes, s: Ramsis, sunan da ya daɗe da sani daga littattafan Girkawa. Ya jawo wani zoben, ya ga jinjimi, tsuntsun abin bautarsu Tot, da irin alamun nan: Tutmos. An ce da gudu ya je ofishin wansa ya shaida masa, ya yanke jiki ya faɗi. Babban littafinsa ya fito a 1824. Don mai karatu ya kwatanta lokacin, a watan Janairun shekarar ne Bature matafiyi Kilafaton ya sauka a birnin Katagum wurin Sarki Ɗankauwa, kafin abokin tafiyarsa Likita Audni ya rasu a Murmur.

Cikakken Fir'auna sunaye biyar gare shi, kowanne da alamar da ke shige masa gaba. Mafi tsufa shi ne sunan Horus, abin bautarsu: shaho tsaye a kan wani akwati mai siffar gaban fada, sunan yana ciki. Na Narmar, wanda ya yi zamani wajen 3100 kafin haihuwar Annabi Isa, alama biyu ce kawai, tarwaɗa da cizal, "nar" da "mar". Na biyu ana gane shi da ungulu da gamsheƙa, kowacce zaune a kan kwando, ungulu ta kudu, gamsheƙa ta arewa. Na uku shaho ne a kan abin wuya na zinariya. Waɗannan ukun ba a sa su a zobe, kuma mai koyo zai iya wuce su da farko.

Biyun ƙarshe su ne za ka riƙa gani ko'ina. Idan ka ga wata ciyawar fadama da ƙudan zuma, karanta "nesu biti", Sarkin Kudu da Arewa. Zoben da ke biye sunan sarauta ne, wanda ya ɗauka ranar da ya hau gado. Idan ka ga agwagwar nan da rana, zoben da ke biye sunan yanka ne. Shi kansa zoben igiya ce aka zana ta kewaye sunan aka ƙulle. Su suna ce masa "shenu", abin da ya kewaye, ma'ana duk abin da rana ke zagayawa na sarki ne. Ya kafu tun zamanin Sineferu, mahaifin Khufu mai babbar dalar Giza, wajen shekara ta 2600 kafin haihuwar Annabi Isa.

Bari mu karanta ɗaya tare, na Tutankhamun, yaron nan mai fuskar zinariya. Zoben sarautarsa alamu huɗu ne daga sama zuwa ƙasa: faifan rana, buzuzu, 'yan sanduna uku, kwando. Rana Ra ce. Buzuzu "kheper" ne, kh ɗin irin ta Larabci, ma'anarta kasancewa ko siffa. Sanduna uku jam'i ne, sun mai da shi "kheperu". Kwando "neb" ne, mai abu ko ubangida. In ka bi jerin za ka ce Ra-kheperu-neb, kuma nan ne masu koyo ke tuntuɓe. Sunan abin bauta ana ɗora shi a sama don girmamawa, amma a baki shi ne na ƙarshe. Karatun shi ne Neb-kheperu-Ra, mai siffofin Ra. Zobe na biyu ma haka ne. A sama akwai ganyen kara, da allon dara da 'ya'yansa a jere, da ruwa: Amun. Sai gurasa, ɗan tsako, gurasa: "tut", siffa. Sai wata alama kamar gicciye mai hannun riƙo a ka: "ankh", rai. Tut-ankh-Amun, rayayyiyar siffar Amun. A ƙasa an ƙara sandar makiyayi mai lanƙwasa, ginshiƙi, da ciyawar kudu, wato mai mulkin birnin Tibis, inda Luksor take yau. Wanda ya riƙe waɗannan zai ga faifan rana da allon dara da buzuzu a wani zoben ya karanta da kansa: Men-kheper-Ra, Tutmos na Uku, babban mayaƙinsu.

Wani tsohon ɗalibina da ya yi karatu a Azhar ya taɓa nuna mini tsarabar da ya sayo wa ɗansa a kasuwar Alƙahira, 'yar takardar kara da aka zana wa zobe, a ciki ƙafa, ungulu, zaki, ungulu: Bala. Na yi murna da ita don ta jawo hankalin yaron. Sai dai irin wannan tsaraba tana sa mutane su ɗauka rubutun abacada ne da aka sauya wa kaya. Sunayen Fir'aunoni na ainihi, kamar yadda muka gani, yawancinsu da alamu masu sauti biyu da uku aka gina su, kuma a wancan zamani zobe na gidan sarauta ne da wasu abubuwan bauta, talaka ba ya shiga.

Me ya sa sunan sarauta ya fi na yanka amfani ga mai tarihi? A Katagum mun yi Abdulƙadir uku. Na ukun ne ya yi sarauta daga 1909 zuwa 1947, a zamaninsa aka dawo da fada Azare. Mun yi Umar Faruk na farko daga 1947 zuwa 1980, ga na biyu tun bayan rasuwar mahaifinsa Alhaji Muhammadu Kabir Umar a 2017. Mu da lamba muke rarrabewa. Misirawa sun yi Ramsis goma sha ɗaya, Tutmos huɗu, Amenhotep huɗu, amma ba su taɓa sa lamba ba. Lambobin da ke littattafai na masanan zamani ne. Abin da ke raba su a dutse shi ne zoben sarauta. Na Ramsis na Biyu, wanda ya yi shekara 66 a kan gado daga wajen 1279 kafin haihuwar Annabi Isa, yana da rana, sanda mai kan dila, mace zaune da gashin tsuntsu a ka, sai wata ranar, gizago da ruwa: User-Maat-Ra Setep-en-Ra, adalcin Ra mai ƙarfi ne, zaɓaɓɓen Ra. Da ka ga sandar dila da matar nan da gizago tare da rana biyu, ka san da wa kake. Ya sa an riƙa nutsa sassaƙar sunansa can cikin dutse, kuma ya sha ɗora shi a kan gumakan sarakunan da suka riga shi.

Inda tarihin gidanmu ya fi taimaka mini shi ne wajen gane "Sarkin Kudu da Arewa". Sarautar da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya ba Malam Zaki ita ce Sarkin Borno. Ya shiga Birnin Gazargamu da yaƙi a farkon shekarun 1810, amma bai zauna ba, ya komo Katagum, mulkin Borno ya tsaya a hannun Mai da Shehu Laminu. Duk da haka sunan ya zauna. A Misau ma, zuriyar Gwani Muktar da ya ci birnin a 1808 suna amsa Sarkin Borno ta Gabas. Wanda ya tsinci wasiƙa bayan shekara dubu ya ga "Sarkin Borno", in bai yi hattara ba zai zana taswirar ƙarya. Sunan yana faɗin abin da aka ba mutum izinin nema, da abin da yake ganin haƙƙinsa ne. Haka "nesu biti". An yi zamunan da Misira ta rabu, mai riƙe da 'yan garuruwa yana rubuta kansa Sarkin Kudu da Arewa. Wajen shekara ta 728 kafin haihuwar Annabi Isa, Piye, sarkin Kush daga Nafata a Sudan ta yau, ya ci Misira da yaƙi. A dutsen nasararsa da aka tono a Jabal Barkal a 1862 an zana sarakuna huɗu sun zo mubaya'a, kowanne da zobensa. Su kuma Kushawan ba su zubar da tsarin ba, ɗauka suka yi. Shabaka ya ari Nefer-ka-Ra, sunan sarautar Pepi na Biyu da ya rasu fiye da shekara 1,400 kafin shi, don ya jingina kansa da tsohon gida. Daga baya Farisawa da Iskandar da sarakunan Rum duk an rubuta su a zobe. Mu ma Galadima da Ciroma da Yarima da ke fadodinmu daga Borno aka aro su, har a masarautun da aka kafa da yaƙar Borno.

Da yake suna hujja ne, shafe shi ma makami ne. Tutankhamun da sunan Tutankhaton aka haife shi, a zamanin da Akhenaton ya rufe ɗakunan bautar Amun ya ce faifan rana, Aton, kaɗai za a bi. Da aka koma tsohon addini sai yaron ya sauya zobe. Hatshepsut, macen da ta hau gado a matsayin cikakken Fir'auna a ƙarni na 15 kafin haihuwar Annabi Isa, bayan rasuwarta aka bi bango bango ana kankare sunanta. A ɗakin bautar Seti na Ɗaya a Abidos akwai jerin zobba 76, na sarakunan da suka gabata da nasa. Babu Hatshepsut, babu Akhenaton, babu Tutankhamun. Ba mantuwa ba ce, hukunci ne. Amma a Nuwamban 1922, shekara ɗari cif bayan Shamfoliyon, da Bature Hawad Kata ya tono ƙofar wani kabari a Kwarin Sarakuna, hatimin da ke jikin yaɓen ƙofar ne ya shaida masa mai ɗakin: Tutankhamun.

Kalmar Fir'auna kanta ba ta cikin sunayen nan biyar. Asalinta "per aa", babban gida, wato fada, kuma sai a zamanin daular su Tutmos da Akhenaton aka fara kiran sarkin kansa da ita. Almajiri zai lura cewa a Suratu Yusuf da "malik" aka ambaci sarkin Misira, a ƙissar Annabi Musa kuwa Fir'auna. Alƙur'ani bai faɗi sunan yankan wannan Fir'auna ba. Masu hasashe sun fi nuna Ramsis na Biyu ko ɗansa Merneptah, amma hasashe ne, kada a mai da shi fatawa. An sha tambayata ko ya dace Musulmi ya ɓata lokaci kan rubutun da ke kiran mutum ɗan rana. Amsata ita ce karanta da'awa daban, gaskata ta daban. Wanda ya karanta zoben Ramsis da idonsa, sannan ya ga gawarsa a kwance cikin gilashi a Alƙahira, ya fi wanda ya ji labari gane inda girman kai ke kai mutum.

Harshen nan kuma ɗan dangi ne. Masana harsuna sun sa Misiranci na dā da Hausa da Larabci da Buzanci a babban gida ɗaya. Huɗu a wurinsu f-d-w ne, mutuwa m-w-t, "naka" suna liƙa k a ƙarshen kalma kamar gidanka, mace kuma t take ɗauka, shi ya sa ake samun Hatshepsut an rubuta ta "sat Ra", 'yar Ra. Wannan dangantaka ce ta nesa ƙwarai, ta dubban shekaru kafin dala. Ba ta nuna Hausawa daga Misira suka taso ba, kuma ba na goyon bayan masu ja da ita har can.

Kirana ga yaranmu na Azare da Misau da Jama'are da ke karatu a Alƙahira shi ne kada ku gama shekarunku tsakanin aji da masauki ku dawo ba ku ga ko ɗaya ba. Ba sai kun je Luksor ba. A unguwar Matariyya, kusa da Ain Shams, akwai dogon ginshiƙin dutse mai tsini na Sarki Senusret na Ɗaya, yana tsaye a wurin kusan shekara dubu huɗu. Ku nemi ciyawa da ƙudan zuma, ku dubi zoben da ke ƙasansu. Za ku ga rana, da buzuzu, da hannaye biyu a ɗage, waɗanda ake karantawa "ka". Ku bar ranar sai ƙarshe, ku karanta: Kheper-ka-Ra. Ku ɗauko hotonsa ku kawo wa malaman tarihi na makarantun da kuka baro, su nuna wa na bayanku.